John DeLorean: Uban motoci masu ƙwanji da ya janyo wa gwamnatin Birtaniya asarar miliyoyi

Duk wanda ya taɓa jin rugugin Dodge Charger ko Challenger mai inji V8 a kan titi, ya ji amon wata dabara da aka fara kai wa kasuwa a Amurka a ƙarshen shekarar 1963. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a ciro babban inji mai silinda takwas daga ƙatuwar mota, a dasa shi cikin matsakaiciyar mota marar nauyi, sannan a sayar da ita a farashin da mai ɗaukar albashi zai iya biya. Amurkawa suna kiran irin waɗannan motoci da sunan da ke nufin motoci masu ƙwanji, kuma mutumin da aka fi danganta haihuwarsu da shi shi ne John Zachary DeLorean, wanda ya mutu a 2005.

Rayuwar DeLorean ta kasu gida biyu. A kashi na farko, yana ma'aikacin kamfanin General Motors, ya zagaye wata dokar kamfanin, ya fito da motar da ta sauya kasuwa. A kashi na biyu ya fita ya kafa nasa kamfani, ya shawo kan gwamnatin Birtaniya ta zuba masa kuɗin jama'a, kamfanin kuma ya durƙushe cikin shekaru huɗu. Kuskure guda ne ya haɗa kashin biyu: shi da jami'an da suka sa masa hannu duk sun ɗauka cewa shi kaɗai ne ya gina nasararsa ta farko.

Ɗan leburan Detroit

An haifi DeLorean ranar 6 ga Janairun 1925 a Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. Shi ne babba cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa baƙo ne ɗan asalin Romaniya, mai aikin ƙarfi a masana'antar Ford kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago. Mahaifiyarsa, wadda ta fito daga yankin Hangari, ta yi aiki a wani reshe na General Electric. Gidan ba na wadata ba ne, kuma auren iyayen ya mutu a 1942.

Karatu ne ya fitar da yaron daga wannan hali. Ya shiga makarantar sakandaren fasaha ta Cass, daga nan ya wuce kwalejin fasaha ta Lawrence. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, ya yi shekaru uku a rundunar sojan Amurka, ya dawo ya kammala digirin injiniya a 1948. Ya taɓa sayar da inshorar rai na ɗan lokaci, sana'ar da ta koya masa iya magana da shawo kan mutane. A 1952 ya sami digiri na biyu a cibiyar horar da injiniyoyi ta kamfanin Chrysler, ya koma kamfanin Packard, inda ya yi suna wajen inganta giya mai canza kanta har ya zama shugaban sashen bincike.

A 1956, lokacin da Packard ke tangal-tangal, General Motors ya ɗauke shi zuwa reshensa na Pontiac. A wancan zamani ana yi wa Pontiac kallon motar dattawa. Sabon shugaban reshen, Semon Knudsen, da babban injiniyansa, Pete Estes, sun ƙudura sauya wannan kallo, suka shigar da Pontiac gasar tsere, suka faɗaɗa tazarar tayoyinta, suka ƙara wa injinanta ƙarfi. DeLorean ya tarar da wannan aiki ana cikin yinsa, ya ba da gudummawa mai yawa, kuma a 1961 ya zama babban injiniyan reshen.

Dokar da aka zagaye

A farkon 1963 shugabannin General Motors suka haramta wa rassansu shiga gasar tsere. Wannan ya zare wa Pontiac babbar hanyar da take jawo matasa. Ban da haka, akwai wata dokar cikin gida da ta hana sa wa matsakaitan motoci injin da girmansa ya wuce kimanin lita 5.4.

DeLorean da wasu injiniyoyi biyu, Bill Collins da Russ Gee, suka lura da wani abu. Injin V8, wanda ake jera silindarsa huɗu a dama huɗu a hagu bisa siffar harafin V, yana da nau'i biyu a Pontiac da girman gangar jikinsu ta waje ɗaya ne, bambancinsu a ciki yake. Ƙaramin shi ne ake sa wa matsakaiciyar mota mai suna Tempest. Babban, mai kimanin lita 6.4 da aka fi sani da lamba 389, na manyan motoci ne irin su Bonneville. Tunda mazauninsu ɗaya, babban zai zauna daram a gurbin ƙaramin. Suka gwada, motar ta tashi kamar an harba ta.

Saura yadda za a sayar da ita ba tare da manya sun hana ba. Sabuwar mota sai ta bi ta gaban kwamitin shugabanni kafin a amince da ita, amma kayan ƙari da mai saye yake zaɓa a kan motar da ake da ita ba sa buƙatar wannan amincewa. Saboda haka ba a gabatar da GTO a matsayin sabuwar mota ba. An rubuta ta cikin jerin kayan ƙari na Tempest LeMans, a kan kusan dala 296. Estes, wanda a lokacin ya zama shugaban Pontiac, shi ya sa hannu, ya ɗauki kasadar a wuyansa. Sunan kuwa DeLorean ya aro shi daga wata shahararriyar motar tsere ta Ferrari, abin da ya ɓata wa masoya motocin Italiya rai.

Mai biyan wannan ƙari yana samun ƙarfin doki 325, ko 348 in ya zaɓi kafireto uku a jere. Manajan tallace-tallacen reshen bai yarda motar za ta karɓu ba, ya iyakance ta a guda 5,000. A shekarar farko aka sayar da 32,450. A ta biyu adadin ya haura 75,000, a 1966 kuma, da GTO ta zama mota mai cin gashin kanta, ya kusa 97,000. Shugabannin da aka zagaye dokarsu suka ga riba, suka yi shiru. Nan da nan Oldsmobile ta fito da 442, Chevrolet ta fito da Chevelle SS 396, Plymouth ta biyo da Road Runner, Dodge kuma da Charger.

Motar tana da aibu, kuma aibun ya bi irinta har shekaru. Birkinta na asali ƙananan ganguna ne irin na Tempest, waɗanda aka tsara domin inji mai rauni. 'Yan jaridar da suka gwada ta sun yaba da yadda take cin ƙasa, suka koka da yadda birkin yake zafi ya saki in an taka shi a kai a kai. An ƙara ƙarfin tafiya, ba a ƙara ƙarfin tsayawa daidai da shi ba.

Kanikawa da 'yan talla

GTO ta buɗe wata kasuwa ta biyu, wato kasuwar yi wa mota ƙari bayan an saye ta. Matasan Detroit sun mayar da titin Woodward filin tserensu na dare, injiniyoyin kamfanoni ma sukan leƙa su ga abin da matasan ke so. Wani dilan motoci mai suna Royal Pontiac, a garin Royal Oak, ya shahara da wani ƙunshin gyara da ake kira Bobcat. Ana sa gaskit mai sirara domin matsin da ke cikin silinda ya ƙaru, a sauya ƙofofin man kafireto, a gyara lokacin da filogi ke ba da wuta. Mai mota yana iya kai tasa a yi masa, ko ya yi odar kayan ya ɗaura a garejinsa. Abin da masu irin waɗannan motoci ke yi a yau da kwamfutar inji da salansa da na'urar cusa iska, jikan wannan sana'a ne.

Talla ma ta yi nata aikin. A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta buga wani rahoto da ya jera GTO da Ferrari, da alƙaluman gudu masu ban mamaki. Shekaru da yawa bayan haka, Jim Wangers, mai tallata Pontiac, ya amsa cewa an ɓoye wani inji da ya fi na kasuwa girma, mai kusan lita 6.9, a cikin motar da aka ba 'yan jaridar. Wanda ya sayi tasa bisa waɗannan alƙaluma bai sami abin da ya karanta ba.

Wannan duka yana nuna yawan hannuwan da suka ɗauki jinkar GTO. Injin ya riga ya yi shekaru yana aiki a manyan motoci. Gangar jikin motar, masana'antun harhaɗa ta, dubban dilolin da za su sayar da ita su kuma gyara ta, duk na General Motors ne. Shugaban da ya sa hannu Estes ne, mai talla Wangers. Gudummawar DeLorean ta hangen abin da matasa ke so da ƙarfin halin turawa gaba babba ce, amma a kan ginshiƙin kamfanin da ya fi kowane kamfanin mota girma a duniya ta tsaya.

Hawa da fita

A 1965, yana da shekaru 40, DeLorean ya zama shugaban Pontiac, mafi ƙarancin shekaru da ya riƙe reshe a kamfanin zuwa lokacin. A ƙarƙashinsa aka fito da Firebird a 1967 da sabuwar Grand Prix a 1969. A shekarar 1969 ɗin aka ɗaga shi zuwa Chevrolet, reshe mafi girma, a 1972 kuma ya zama mataimakin shugaba mai kula da ƙera motoci da manyan motoci. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne shugaban kamfanin na gobe.

Sai dai halinsa bai dace da na gidan ba. Manyan General Motors mutane ne masu kwat mai duhu da kame kai. Shi kuwa ya tara gashi, ya riƙa sa tufafin zamani, ya saba da taurarin finafinan Hollywood, ya sayi hannun jari a ƙungiyoyin wasanni, hotunansa suka cika mujallu. A watan Afrilun 1973 ya bar kamfanin da albashi da alawus da suka haura dala rabin miliyan a shekara. Ya ce shi ya ajiye aiki, wasu kuma suka ce tura shi aka yi. Littafin da ɗan jarida J. Patrick Wright ya rubuta bisa bayanansa, wanda ya fito a 1979, ya yi wa shugabancin kamfanin kaca-kaca.

A daidai wannan lokaci zamanin motoci masu ƙwanji ya zo ƙarshe. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, General Motors ya sassauta matsin injinansa tun daga motocin 1971 domin su iya shan man da ba shi da darma, ƙarfinsu ya ragu. Sai kuma takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a watan Oktoban 1973, wanda ya ninka farashin ɗanyen mai kusan sau huɗu. Tashin farashin da ya cika baitulmalin Najeriya har aka yi ƙarin albashin Udoji, shi ne ya sa Amurkawa suka juya wa masu silinda takwas baya. A 1974 GTO kusan 7,000 kawai aka sayar, aka rufe babinta.

Kuɗin jama'a a Belfast

A 1975 DeLorean ya kafa kamfani mai sunansa. Ya yi alƙawarin motar da ba ta tsatsa, mai jikin ƙarfe marar fenti da ƙofofi masu buɗewa sama kamar fukafukai. Shahararren mai zanen motoci ɗan Italiya, Giorgetto Giugiaro, ya zana ta. Diloli sun sayi hannun jari na dala 25,000 kowanne, wasu taurarin talabijin ma sun zuba kuɗi. Amma gina masana'anta sai da kuɗin gwamnati, don haka ya shiga zawarcin duk inda ake neman ayyukan yi. Jamhuriyar Ireland ta duba takardunsa ta janye. Yana dab da ƙulla yarjejeniya da tsibirin Puerto Rico sai Birtaniya ta shigo.

Ireland ta Arewa tana cikin rikicin 'yan Katolika da 'yan Furotesta, rashin aikin yi ya yi katutu a yammacin Belfast. Gwamnatin jam'iyyar Labour, ta hannun ministan yankin Roy Mason, ta yi imanin cewa masana'anta za ta janye matasa daga masu ɗauke da makamai. Manufar kyakkyawa ce. Kamfanin ba da shawara na McKinsey, wanda gwamnatin da kanta ta nemi ra'ayinsa, ya yi gargaɗin cewa kasadar ta yi yawa ƙwarai. Duk da haka, cikin kimanin kwanaki 45 aka kammala tattaunawa, aka sa hannu a watan Agustan 1978 kan tallafi da rance da jarin da suka haura fam miliyan 50. Tsoron kada wata ƙasa ta riga su ya sa jami'ai suka yi wa rogo kallon kitse. Sun dubi sunan mutumin da ya yi GTO, ba su tsaya sun tambayi abin da ya rage masa bayan ya rabu da General Motors ba.

Abin da ya rage kaɗan ne. Ba shi da inji nasa, ba shi da gangar jikin da aka jarraba, ba shi da ma'aikatan da suka saba ƙera mota. Aka ba kamfanin Lotus na Colin Chapman kwangilar sake tsara motar kusan daga tushe. Injin da aka samo mai silinda shida ne, na haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo, mai ƙarfin doki 130, wanda bai kai rabin na GTO ta farko ba. Mota ta farko ta fito daga masana'antar Dunmurry a watan Janairun 1981. An yi niyyar sayar da ita dala 12,000, ta isa kasuwa a kan 25,000, ta fi Corvette mai V8 tsada alhali ba ta kai ta gudu ba. Na farkon da aka tura Amurka sai da aka sake kwance su aka gyara kafin a miƙa wa diloli.

A ƙarshen 1981, tattalin arzikin Amurka na cikin mawuyacin hali, kuɗin ruwa ya yi sama, DeLorean ya ƙara yawan ma'aikata zuwa kimanin 2,500, ya ninka yawan motocin da ake ƙerawa, yana shirin sayar da hannun jari a kasuwa. Shirin ya wargaje, motoci suka taru ba mai saye. Gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ta riga ta ƙara masa kuɗi, ta ƙi ƙarawa. A watan Fabrairun 1982 aka miƙa kamfanin ga masu karɓar bashi. Duka-duka motoci kusan 9,000 aka ƙera, kuɗin jama'ar Birtaniya da suka shiga kuwa sun haura fam miliyan 70.

Kamu da shari'o'i

Ranar 19 ga Oktoban 1982 jami'an FBI suka kama DeLorean a wani otal a Los Angeles, bayan sun ɗauki hoton bidiyonsa tare da akwatin hodar iblis, a wani cinikin da aka ƙiyasta a dala miliyan 24. A wannan rana aka sanar da rufe masana'antar Dunmurry. Lauyoyinsa suka nuna cewa wani mai kai wa hukuma rahoto, wanda tsohon maƙwabcinsa ne kuma mai tarihin safarar miyagun ƙwayoyi, shi ya neme shi ya ja shi cikin ramin da jami'ai suka haƙa. Ranar 16 ga Agustan 1984 aka wanke shi daga dukkan tuhuma.

Maganar kuɗin ta fi wannan nauyi. Bincike ya gano cewa sama da dala miliyan 17 da aka ce an biya domin aikin tsara motar sun bi ta wani kamfani mai suna GPD, mai rajista a Panama da adireshi a Geneva, ba su isa wurin aikin ba. Kwamitin binciken kuɗin jama'a na majalisar dokokin Birtaniya, a rahotonsa na 1984, ya sa lamarin cikin mafi munin almubazzaranci da dukiyar jama'a da ya gani cikin shekaru masu yawa, ya kuma ɗora laifi a kan hukumomin da suka kasa sa ido. Chapman ya mutu a watan Disambar 1982 kafin a gurfanar da shi. Wata kotu a Detroit ta wanke DeLorean daga tuhumar zamba a 1986. A 1992 wata kotu a Belfast ta ɗaure daraktan kuɗi na Lotus shekaru uku, alƙalin kuma ya bayyana cewa da Chapman da DeLorean suna gabansa, da hukuncinsu ya fi haka tsanani. DeLorean bai taɓa gurfana a kotun Birtaniya ba. Waɗanda suka fi shan wahala su ne ma'aikatan Dunmurry, 'yan Katolika da 'yan Furotesta da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, da yawansu kuma wannan ne aikin albashi na farko da suka taɓa samu.

Abin da ya bari

Fim ɗin Back to the Future na 1985 ya dawwamar da motarsa a idon duniya, amma bai ceci aljihunsa ba. Ƙararrakin masu bin bashi suka bi shi shekara da shekaru. A 1999 ya bayyana cewa ya karye, a shekarar da ta biyo ya rasa ƙaton gidan gonarsa na Bedminster a jihar New Jersey, wanda daga baya ya zama filin wasan golf na Donald Trump. Ya mutu ranar 19 ga Maris na 2005 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekaru 80.

Dabararsa ta 1963 ta fi shi tsawon rai. A shekarar da ya mutu, Pontiac na sayar da sabuwar GTO da ake ƙerawa a Ostireliya, mai ƙarfin doki 400, Dodge kuma ta dawo da Charger mai ƙofa huɗu. Charger Hellcat ta 2015 ta kai ƙarfin doki 707, wannan karon da manyan birkunan faifai da suka dace da ita. An rufe Pontiac a 2010, kuma a ƙarshen 2023 aka dakatar da ƙera Camaro da tsofaffin samfuran Charger da Challenger masu V8, yayin da Ford Mustang ta ci gaba da nata. Abubuwan da ke damun mai irin wannan mota a yau, wato kuɗin mai, kuɗin inshora, da dacewar birki da taya da ƙarfin da aka ƙara wa inji, su ne suka dami wanda ya sayi GTO shekaru sittin da suka wuce.

Ga ma'aikacin da fayil ɗin wani mai neman tallafin gwamnati zai biyo ta teburinsa, labarin Belfast ya bar tambayoyi uku da ba a yi su yadda ya kamata ba a 1978: wa ya yi ainihin aikin da mai neman yake tinƙaho da shi, me ya sa waɗanda suka riga duba takardunsa suka janye, kuma wa zai bi sawun kowane kuɗi bayan an sa hannu. Gargaɗin yana cikin fayil tun kafin a biya ko sisi, gaggawa ce ta sa aka tsallake shi.

An binne DeLorean a garin Troy, kusa da Detroit inda aka haife shi. Motar da aka zana a kan dutsen kabarinsa ita ce ta Dunmurry, ƙofofinta a buɗe sama.